Manhaja Biyu, Muryar Inna Ɗaya

Wudil,
Juma'a, 4 ga Oktoba.

Zuwa ga Gwaggo Juwairiyya,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, tare da fatan kina lafiya, ke da maigidanki Malam Saifuddeen da ɗalibanki. Mu nan lafiya lau. Baba Tsoho yana ta zirga-zirga tsakanin gida da gonar Darki, an fara cirar gyaɗa. Umma ta warke daga zazzaɓin da ta yi, tana gaishe ki.

Gwaggo, da ana samun layin waya a ƙauyen nan naku na kan tsaunin Mambila, da tuni na kira ki. Abin da ke raina ba na jiran motar Isyaku ba ne, wadda sai mako biyu take zagayowa. To amma ba yadda na iya.

Maganar kwamfutar da kika bar mini ce. Kin san manhajar nan da kika riƙa ɗaukar muryar Inna da ita a shekarar da ta yi tana jinya, hira sittin da huɗu, da tarihin gidanmu da yadda take ginin tukwane da komai. Wata uku da suka wuce saƙo ya fito cewa an yi sabuwarta. Ƙawata Khaulat ta ba ni a filas, ɗan ma'ajin nan da ake sokawa a jikin kwamfuta, na saka, ban gaya wa kowa ba. Ni na zaci za ta hau kan tsohuwar ne. Sai kawai na ga tambari biyu a fuskar kwamfuta, iri ɗaya sak, kamar an tsaga kara.

Ranar Talata na zo saka manhajar gwajin jarrabawar shiga jami'a, kwamfuta ta ce babu wuri. Na ce bari in duba waɗancan biyun. Na danna ɗaya, ta buɗe fari fat, babu ko hira ɗaya. Gwaggo, sai da na dafa bango. Na danna ɗayar, sai ga su nan a jere, duka sittin da huɗun. Ban kunna ko ɗaya ba, tun da ta rasu ba na iya ji. Na rufe, na zauna ina ta salati.

Yanzu ina so in cire ɗaya ko na sami wuri, amma tsoro nake ji. Baba Tsoho bai san komai ba. Dama ba ya kusantar kwamfutar, ko kallonta ba ya yi. Kuma kin san tun rasuwar Inna bai sake tsokanata ba, ko “amaryar tsoho” ɗin nan da yake ce mini ya daina. Ba na so in zama ni ce zan ƙara masa wani abu.

Don Allah ki rubuto mini dalla-dalla yadda zan yi.

'Yarki,
Lubna.

*

Mambila,
Lahadi, 13 ga Oktoba.

Zuwa ga mahaifina Malam Ɗantani da dukan mutanen gida,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Baba, ina gaisuwa, ina neman albarka. Yaya ƙarfin jiki, yaya aikin gona? Allah ya sa a kwashe amfani lafiya. Ina fatan ƙafar nan ta daina damunka da safe. Ina gaida Yaya Rahmatu, na ji daɗin jin ta warke, Allah ya ƙara sauƙi. A gaida mutanen Achika in an je, da su Baba Ɗayyabu na bakin gada, da liman da iyalinsa. Mu nan lafiya, sai sanyi da ruwan sama da ba ya gajiya. Malam yana gaishe ka ƙwarai. Allah ya jiƙan Inna, ya haskaka kabarinta.

Sauran maganar ta Lubna ce, a kan kwamfuta. Lubnata, kin kyauta da kika tambaya kafin ki taɓa. Wannan shi ne hankali. Ki natsu da abu biyun nan, don su ne ginshiƙi.

Na farko, kafin komai, ki sami filas ki kwashe dukan hirarrakin Inna a ciki. In kin buɗe manhajar akwai inda za ki danna ta fitar miki da su waje. Kada ki cire ko tsinke sai kin ga sittin da huɗun a filas da idonki.

Na biyu, tsohuwar ce mai muryar Inna. Sabuwar da kika saka ba ta hau kanta ba, wani wurin ta samu ta zauna, shi ya sa kika gan ta fari fat. Saboda haka sabuwar ce za ta tafi, mai kwanan watan bana. Ki tuna yadda Inna take jera tukwane biyu a ɗaki, ɗaya da irin shuka, ɗaya babu komai. Ba a gane su da ido, sai an sa hannu.

Shafi na biyu.

To, in kin gama wancan, sauran mai sauƙi ne. Ki shiga wurin saituna, ki nemi jerin manhajojin da ke cikin kwamfutar. Za ki ga sunan manhajar sau biyu, kowanne da kwanan watan da aka saka shi. Ki zaɓi wadda muka ce, ki danna cirewa. Za ta tambaye ki ko kin tabbata, ki ce e. Za ta sake tambayarki ko ta share har da abin da aka ajiye a cikinta. Nan ma ki ce e, kada gabanki ya faɗi, haka suke yi. In ta gama ki kashe kwamfutar ki sake kunnawa, za ki ga tambari ɗaya ya rage.

Abu ɗaya ne yake ba ni mamaki, yadda kwamfutar ta cika haka. Na bar wuri da yawa, kuma manhajar da babu komai a cikinta ba ta da wannan nauyin. Amma bari sai na zo hutun Disamba mu duba tare.

Ki dage da karatu. Lissafi kullum, ko shafi ɗaya ne. Na san abin da ke cikin kan nan naki, jarrabawar nan ba ta fi ƙarfinki ba.

Gwaggonki,
Juwairiyya.

*

Wudil,
Juma'a, 18 ga Oktoba.

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Kowa lafiya. Ki yafe mini, ba zan iya doguwar gaisuwa ba.

Gwaggo, na share muryar Inna.

Jiya da la'asar Isyaku ya kawo takardarki. Kin san al'adar gidan nan, hannun Baba Tsoho takarda take fara zuwa. Ya zauna a kan buzunsa, muka taru, ya karanta mana gaisuwa kowa ya amsa tasa. Da ya kai inda kika ce sauran maganar ta Lubna ce a kan kwamfuta, sai ya tsaya ya ce, “To, wannan kuma ba karatuna ba ne.” Ya ninke shafin farko ya sa a aljihu kamar kullum, ya miƙo mini na biyu. Ni ma ban tambaya ba. Tun ina ƙarama shafin farko na gaisuwa ne, nasa ne, na biyu ne na mai magana.

Na karanta “in kin gama wancan”, na ɗauka sauraron gaisuwar kike nufi. Na karanta “wadda muka ce”, na ce ai tsohuwa da sabuwa muka ce, kuma kowa ya san tsohuwa ake cirewa a bar sabuwa. Na zaci in tsohuwar ta tafi, hirarrakin za su koma cikin sabuwar da kansu. Ta tambaye ni sau biyu, Gwaggo. A ta biyun sai da yatsana ya tsaya. Sai na duba takardarki na ga kin ce kada gabana ya faɗi. Na danna.

Na kashe, na kunna. Tambari ɗaya ya rage kamar yadda kika ce. Na buɗe, fari fat. Na rufe na sake buɗewa ya fi sau goma. Na duba kwandon shara na kwamfutar, babu komai.

Yau da safe na ɗauko rigunan Baba Tsoho zan wanke masa, na lalubi aljihu, sai ga shafin farko. A tsugune a bakin rijiya na karanta. Duk abin da kika ce kada in yi, shi na yi.

Ban gaya wa kowa ba. Umma ta tambaye ni me ya sami idona, na ce hayaƙi ne. Ɗazu na kai wa Baba Tsoho fura, ya ɗago ya dube ni, na ji kamar ya gani a goshina. Ta yaya zan ce masa matar da ya zauna da ita shekara arba'in da shida, ni na ƙarasa shafe abin da ya rage nata? Yaran Yaya Ridwan da ba su san ta ba, da me za su san ta? Ina ta ƙoƙarin tuno yadda take kiran sunana, tana jan ƙarshensa, sai in ji kamar har ya fara dushewa a kunnena.

Kina da wani kwafin a wurinki? Don Allah ki ce kina da shi.

Lubna.

*

Mambila,
Lahadi, 27 ga Oktoba.

Lubna 'yata,

Assalamu alaikum. Wannan takardar na ce wa Isyaku hannu da hannu zai ba ki. Ta Baba daban na rubuta, gaisuwa ce kawai a cikinta.

Ba zan yi miki ƙarya ba, ba ni da wani kwafi. Kai tsaye a kwamfutar nake ɗauka, kullum ina cewa gobe zan kwashe, har ranar tafiya ta zo. A bakin hanya na karanta takardarki a tsaye, sai da wata mai sayar da ayaba ta ba ni kujerarta. Kwana uku ina shiga aji ina rubutu a allo ban san me nake rubutawa ba.

Amma ki saurare ni da kyau. Laifin nan ba naki ba ne ke kaɗai, nawa ya fi yawa. A gidan nan aka haife ni, na san inda shafin farko yake kwana, amma don ƙyashin takarda na cusa magana mafi nauyi a ƙarƙashin gaisuwa. Kuma ni na ce ki danna e.

Yanzu ga abin yi, kuma wannan karon duk a wuri ɗaya yake. Abin da aka share a kwamfuta ba nan take yake ɓacewa ba. Kamar ɗakin da aka cire wa ƙyaure aka ce babu mai shi ne, kayan suna nan har sai wani ya shigo da nasa ya danne su. Duk kunnawar da aka yi, da duk abin da aka saka, yana iya danne muryar Inna har abada. Saboda haka kada ki sake kunna ta. Kada ki saka manhajar jarrabawar, ki riƙa zuwa wurin Khaulat kuna gwaji a tata. Ki ɗauke igiyar cajin ki ɓoye inda babu mai gani. In na zo za mu kai ta Kano wurin masu dawo da abin da aka share. Ban yi miki alkawarin za a samu ba. Wani lokaci ana samun rabi, wani lokaci ba a samun komai. Ni ma tsoron nake ji, Lubna.

Sai abu mai wuya. Ki gaya wa Baba. Kunya ce ta sa kika saka sabuwar ba ki faɗa ba, kada kunya ta sake rufe miki baki. In kin kasa, ki ba shi wannan takardar ya karanta, ya ga ni ce na fara kuskuren.

Ki ci abinci. Ki yi ta addu'a, ni ma ina yi.

Gwaggonki,
Juwairiyya.

*

Wudil,
Asabar, 2 ga Nuwamba.

Gwaggona,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Isyaku yana ɗaure kaya a tasha, ya ce minti talatin zai ba ni, don haka ki yi haƙuri da rubutun.

Ranar Alhamis na karɓi takardarki, na ɗauke igiyar cajin na tura ƙarƙashin katifata. Na yi niyyar gaya wa Baba Tsoho, na je har ƙofar ɗakinsa sau biyu na dawo.

Jiya Juma'a kaina ya yi ta ciwo a makaranta, aka ce in tafi gida tun da hantsi. Umma ta tafi kasuwa, gidan shiru. Ina shiga tsakar gida sai na ji murya daga ɗakin da kwamfutar take. Gwaggo, muryar Inna. Ba kama ba, ita ce. Tana cewa, “Ai ruwan bai kai masa ƙugu ba, amma ihun da ya yi har mutanen ƙetare sai da suka fito.” Sai ta fashe da dariyar nan tata mai tari a ƙarshe.

Jakata ta faɗi. Ni na share ta da hannuna, ga ta tana dariya da rana tsaka. Na fara karanta Ayatul Kursiyyu na kasa kai ta ƙarshe. Ana cikin haka muryar ta yanke ɗif a tsakiyar magana, kin san batirin nan ba ya minti goma in babu igiya.

Na lallaɓa na ɗaga labule. Baba Tsoho ne zaune a ƙasa, kwamfutar a kan buzu a gabansa, yana ta danna maɓalli da yatsa ɗaya. Bai juyo ba ya ce, “Wa ya ɗauke igiyar?” Can kuma, da wata murya da ban taɓa jin ya yi ba, ya ce, “Ko na kashe ta ne?”

Na durƙusa na gaya masa komai, tun daga filas ɗin Khaulat har bakin rijiya. Na ba shi takardarki. Ya karanta har ƙarshe. Sai ya ce, “Kawo igiyar.” Na ce Gwaggo ta ce kada a kunna. Ya ce, “Ni mako biyun nan kullum sai na kunna, kuma tana nan.”

Ashe bayan sadakar arba'in ya naɗe kwamfutar a cikin babbar riga ya kai wa Malam Mudassir mai gyara a bakin tasha. Ya ce masa yana so a ajiye masa maganar mai ɗakinsa a inda zai iya kaiwa shi kaɗai, inda yara ba za su gani ba. Malam Mudassir ya kwafe manhajar ɗungurungum, da ita da hirarrakin, ya zuba a wata folda ya sa mata suna Takardun Gona, ya koya masa dannawa uku. Shi ya sa ba ta fito a jerin manhajoji ba, kuma ita ce nauyin da ya ba ki mamaki. Ashe uku ne, ba biyu ba. Duk ranar da gida ya watse yakan zauna ya ji, kafin ya tafi Darki.

Muka sa igiya, ya danna ukunsa. Na ƙirga, na sake ƙirgawa. Sittin da huɗu. Ya ce, “Ai da kin tambaye ni, na san adadinsu.” Na ce wacce yake ji. Ya ce ta goma sha bakwai, ranar da ya faɗo daga kwalekwale. Ya ce, “Ƙarya take yi mini, ruwan ya kai wuya.” Sai ya juya wajen bango yana gyara hularsa, ni ma na yi kamar ina neman wani abu a ƙasa.

Gwaggo, har yanzu tsoro bai sake ni ba. Guda ɗaya ce tak ta rage a duniya, a cikin tsohuwar kwamfuta, kuma da na ga foldar nan lokacin da nake neman wuri, wallahi da na share ta. Ba zan taɓa komai ba sai kin rubuto.

'Yarki,
Lubna.

*

Mambila,
Lahadi, 10 ga Nuwamba.

Zuwa ga Baba da Lubna,

Assalamu alaikum. Baba, ka gafarce ni, yau gaisuwa za ta zo a ƙarshe, kuma shafi ɗaya ne tal, a karanta shi tare.

Alhamdu lillahi. Ɗalibaina sun ga malamarsu tana kuka tana dariya, sun rasa wanne za su taya ta.

Lubna, bi da bi, kada ki tsallake. Ki sami filas biyu. Ki kwafe foldar Takardun Gona gaba ɗayanta a kowanne. Ki kai gidan su Khaulat ki buɗe a tata kwamfutar, ki ji ta farko da ta tsakiya da ta ƙarshe da kunnenki. Ɗaya ki ba Baba ya ajiye, ɗaya ki ba Isyaku ya kawo mini. Sai bayan nan ki shiga jerin manhajoji ki cire sabuwar nan da babu komai a cikinta, amma ki fara buɗe ta ki gani da idonki. Ta Baba ce za ta zauna. Ki bar maganar manhajar jarrabawa sai na zo na share miki tarkacena.

Baba, ba zan ce komai ba, sai dai Allah ya saka da alheri. Ina gaisuwa, ina neman albarka. A gaida Yaya Rahmatu da kowa da kowa.

Taku,
Juwairiyya.

*

Wudil,
Asabar, 16 ga Nuwamba.

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Kowa lafiya, an fara yankan dawa. Ga filas ɗinki nan a cikin ambulan, na naɗe shi da ƙyalle. Na yi komai bi da bi, Baba Tsoho yana zaune da takardarki a hannu yana karanto mini kamar mai jan baƙi. Da na zo danna cirewa ya ce, “Sa hannu a tukunyar tukuna, amaryar tsoho.” Na buɗe, fari fat, sannan na cire. Yanzu manhaja ɗaya ce. Na fito da tambarinta fili, na sa masa sunanta, Inna Indo. Baba Tsoho ya ce in bar masa wuri a ƙasan takardar nan zai yi rubutu.

Lubna.

Juwairiyya, ina gaisuwa. Filas yana cikin akwatina. Daga yau takarda in ta zo har ƙarshe zan karanta, ko da ba karatuna ba ne. Jiya bayan la'asar yaran nan sun taru za su ji ta goma sha bakwai, suka ce in zo. Na ce ina da baƙi a zaure. Babu wanda ya zo. Amma daga zauren ana jiyowa sarai. In kin zo ki gaya musu ruwan ya kai wuya.

Mahaifinki.